Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malam Nuhu Ribadu: A Ƙirga Mana Bindigogin Nan

Zuwa ga Malam Nuhu Ribadu,
Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro,
Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya taya ka riƙon wannan kujera mai zafi. Ka yi mini afuwa, ba zan ja gaisuwa ba, abin da ke tafe da ni ya daɗe yana ci mini rai.

A watan Oktoban 2024 ka tsaya a barikin soja da ke Giri a Abuja, wurin da aka lalata makamai sama da 2,400 da aka ƙwato daga hannun miyagu, ka faɗi maganar da talaka ya daɗe yana yi a bakin masallaci da tashar mota. Ka ce da dama daga cikin makaman da ake ɓarna da su a ƙasar nan asalinsu na gwamnati ne, kuma a cikin sojoji da 'yan sanda akwai masu ɗauke su daga inda aka ajiye su kai wa miyagu. Ka nuna babu lalataccen mutum kamar wanda zai sayar da bindigar da za a juyo a harbi abokin aikinsa da ita. Ranar na ji sanyi a raina, domin ba ɗan adawa ne ya faɗa ba, ba kuma ɗan jarida ba. Mutumin da duk rahoton sirri na ƙasar nan ke sauka a teburinsa ne ya faɗa. Na ce to, tunda magana ta fito daga wannan baki, ba da jimawa ba za mu ji an rufe ƙofofin ma'ajiyar makamai an soma ƙirga.

Har yau ba mu ji adadi ba. Bindiga nawa aka saya wa sojan Najeriya tun da aka fara yaƙin Boko Haram a 2009? Nawa suka iso? Nawa ke hannun soja a yau, nawa suka lalace, nawa abokan gaba suka kwashe, nawa aka sayar? Wannan ita ce tambayata, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba a kanta yake.

Ni ba soja ba ne, ban taɓa harba bindiga ba. Aikin sito na yi a wata masaƙa a Kakuri har ta rufe. A sito kowane kaya yana da katinsa rataye a jikin kanta: ranar da ya shigo, wanda ya kawo, wanda ya karɓa, wanda ya sa hannu aka fitar, da abin da ya rage. Ƙarshen shekara sai a datse ƙofa, masu bincike su zo daga waje su zage damtse, su ƙirga noti da boris da ƙunshin zare ɗaya bayan ɗaya, su gwada da abin da ke cikin leja. In boris ɗaya ya yi ɓatan dabo, mai sito ba zai ga albashinsa ba sai ya yi bayani a rubuce. Zare ne fa da ƙarfe, ba sa kashe kowa. Bindiga kuwa ta fi boris sauƙin bin sawu, domin kowace da lambarta, an buga mata a jikin ƙarfe tun daga masana'anta. Shi ya sa nake tambayarka, ranka ya daɗe: waɗancan makamai na Giri, kafin a yanka su a jefa wuta, an kwafi lambobinsu? An gwada da rajistar soja da ta 'yan sanda? An gano wace ma'ajiya kowace ta fito, kuma wa ke riƙe da mabuɗinta a lokacin? Idan an yi, ina sakamakon? Idan kuwa ba a yi ba, to shaida aka ƙona.

Kuma aikin nan ba na wani ba ne. Cibiyar da aka kafa a 2021 don hana yaɗuwar ƙananan makamai tana ƙarƙashin ofishinka. Takardar izinin da ake nema kafin a shigo da makami ƙasar nan, ofishinka ke bayar da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda aka rattaba wa hannu a Abuja, ta wajabta wa kowace ƙasa ta yi wa makamanta alama ta kuma riƙe rajistarsu. Doka tana nan, ofis yana nan, takardu suna nan. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya mai iko ya ce a buɗe ƙofa a ƙirga.

Ka fi ni sanin tarihin kujerar da kake kai, amma bari in tuna maka yadda mu muka gan shi daga ƙasa.

A 2014 garuruwa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza, Bama, har Mubi a jiharka ta Adamawa, inda aka kafa tuta aka sauya wa garin suna. A watan Mayun shekarar sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu. A watan Agusta matan sojoji suka tare ƙofar bariki a Maiduguri suna ƙona taya, suna cewa ba za a kai mazajensu mahallaka da makaman da ba su kai na abokan gaba ba. A watan nan ne kuma sojojinmu kusan 480 suka tsallaka Kamaru, hedikwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce. A Satumba hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 tsabar kuɗi a cikin jirgin sama mai zaman kansa, aka ce wai na sayen makamai ne. Ƙasa mai babban banki da ofisoshin jakadanci, tana aika kuɗin makami a cikin akwati.

Me aka yi wa yaran da suka ce ba su da kayan aiki? An gurfanar da su. An yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, an yanke wa 54 a Disamba. An kira su matsorata, an kira su 'yan tawaye. Ba a yi shekara ba sai ga babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, ranar da ake yi masa bankwana a Yulin 2015, yana faɗi da bakinsa cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da kayan aikin da ake buƙata. Abin da kofur ya faɗa aka ce a harbe shi, shi ne janar ya faɗa aka tafa masa. Daga baya aka mayar da hukuncin yaran ɗaurin shekara 10, wato dai ba a wanke su ba.

Sai kwamitin binciken sayen makamai da aka kafa a 2015 ya fito da rahotonsa na farko: kwangilolin jiragen Alpha Jet 4, helikwafta 12, bama-bamai da harsasai, an biya kuɗi, kaya ba su zo ba. Daga nan maganar dala biliyan 2.1 ta shiga bakin kowa. An kama Kanar Sambo Dasuki, wanda ya riƙe kujerar nan taka a lokacin, a Disambar 2015, ya musanta zargin, ya yi shekara huɗu a tsare, aka sake shi a Disambar 2019, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Ni ba alƙali ba ne, ba zan yanke wa kowa hukunci ba. Amma an yi wa kofur shari'a cikin 'yan watanni, ta kuɗin makaminsa kuwa ta gagari kotu. Uwar da ɗanta ya mutu a Bama da bindigar da harsashinta ya ƙare, har yau ba wanda ya ce mata ga inda kuɗin harsashin ya shiga.

Muka ce to, an ga darasi, ba za a sake ba.

A Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 daga asusun rarar mai don sayen makamai. Kusan rabinta, dala miliyan 496, ta tafi Amurka kan jiragen Super Tucano 12, kuma waɗannan mun gan su, sun iso a 2021 suna Kainji. Ba na ƙin faɗin alheri: tankokin VT-4 da manyan bindigogin igwa sun zo daga Sin a 2020, jiragen JF-17 guda 3 sun zo daga Pakistan, jirage marasa matuƙa da helikwaftocin T129 sun zo daga Turkiyya. An sayi kaya, ba a ce ba a saya ba. Amma a watan Maris na 2021 wanda ka gada, Manjo Janar Babagana Monguno, ya yi hira da sashen Hausa na BBC, da Hausa, ba wanda ya fassara mana. Muka ji shi yana cewa an fitar da kuɗin makamai, sababbin hafsoshin da suka karɓi aiki kuma ba su ga kuɗin ba, ba su ga kayan ba. Kafin gari ya waye ofishinsa ya fitar da sanarwa cewa ba a fahimce shi ba ne. Wata guda bayan haka kwamitin majalisar wakilai ya zaunar da sabon hafsan sojan ƙasa, marigayi Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya ce musu mutanen da suka yi sayayyar suna nan, su a kira su yi bayani. A lokacin an riga an ba tsofaffin hafsoshin muƙamin jakada. Attahiru ya rasu a hatsarin jirgi a Kaduna a watan Mayu, Allah ya jiƙansa, maganar kuma ta bi ruwa.

Kasafin 2025 da Shugaban Ƙasa ya gabatar ya ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91. Shi da kansa, ranar 29 ga Mayun 2023 da ya sha rantsuwa, ya yi wa jami'an tsaro alkawarin horo mai kyau da kayan aiki da albashi da ƙarfin makami. Kuɗi suna fita kowace shekara, suna ƙaruwa. Talaka bai taɓa cewa a rage ba, ko da asibitin garinsu ba magani. Rijiya tana bayarwa, ranka ya daɗe. Guga muke so a duba.

Domin ga abin da muke gani da idonmu. Duk lokacin da aka afka wa sansanin soja a yankin Tafkin Chadi, ba a kwana biyu sai hotuna su bazu a waya. Za ka ga an shimfiɗa tamfol a ƙasa, an jera bindigogi sahu-sahu, bakinsu ya kalli gefe guda. Ga bindiga mai jigida da jigidarta a naɗe, ga roka, ga akwatunan harsashi masu ruwan ganye ko buɗe su ba a yi ba, ga hulunan kwano da rigunan sulke an tara su tsibi. A baya kuma ga motar soja da fentinta na dabbare-dabbare, wani yaro ya hau kai ya ɗaga yatsa. Su suna kiransa ganima. Ka lura da kyau, su suna ƙirgawa. Suna ɗaukar hoton kowace bindiga, suna faɗa wa duniya adadi. Mu da muka biya kuɗin kayan, sanarwa kawai muke samu cewa an daƙile hari.

Metele a jihar Borno, 18 ga Nuwamban 2018: an tarwatsa bataliya ta 157, an kashe kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, soja ya ce mutum 23 aka rasa, waɗanda suka tsira suka ce abin ya wuce haka nesa, suka kuma koka da tsofaffin tankokin da aka ba su. Wata guda bayan nan Baga ta sake faɗuwa, sansanin da aka riga aka kwashe a Janairun 2015. A Mayun 2025 aka shiga Marte. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, makamai sun sauya hannu. Kowace bindiga da aka kwasa a Metele ta je ta yi aiki a wani ƙauye, kan wani manomi ko wani masunci ko wani sojan. Ko akwai takarda guda a Abuja da ta lissafa abin da aka rasa a waɗannan wurare uku da lambobinsu?

Kuma wanda ya buɗe baki, shi ake kamawa. A Maris na 2020 aka ga bidiyon Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙin arewa maso gabas baki ɗaya, yana tsaye a daji cikin yaransa, yana yi wa shugabanninsa bayanin yadda ake yi musu ruwan roka da igwa, motocinsu kuma suna lalacewa. An cire shi, an kai shi kotun soja kan dokar amfani da kafafen sada zumunta, an rage masa shekara 3 na girma. Yaron da ke yi masa hidima, farabiti, ya sha ɗaurin kwana 28 da aiki mai tsanani. Na yarda soja ba ya tafiya sai da ladabi, kuma ba komai ake watsawa ba. To an hukunta fitar bidiyon. Abin da aka faɗa a cikin bidiyon fa, wa aka hukunta a kansa? Idan janar ya sha haka, wane saje ne zai rubuta wa na sama da shi cewa rabin motocinsa ba sa tashi?

A nan arewa maso yamma ma abin ya zo ƙofar gida. A Yulin 2021 'yan bindiga suka kakkaɓo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya yi tsalle da lema Allah ya kuɓutar da shi. Mutanen da a da ake ce musu ɓarayin shanu, sun kai ga harbo jirgin yaƙi. A ƙarshen Agustan 2024 motocin sulke biyu suka maƙale a taɓo a Kwashabawa, cikin ƙaramar hukumar Zurmi. Hedikwatar tsaro ta ce sojoji sun yi ƙoƙarin fitar da su abin ya gagara, sai suka cire abin da ke ciruwa suka bar su. Sai ga Bello Turji da yaransa a bidiyo suna murna a jikinsu, suka banka musu wuta. Ban zargi yaran da ke cikin motocin ba ko kaɗan. Mota mai nauyin tan goma sha wani abu, a fadamar Zamfara, a tsakiyar damina, dole wata rana ta nutse. Tambayar ita ce, wanda ya sayi motar ya sayi wadda za ta janyo ta? Ya sayi sarƙa da injin ja? Irin waɗannan kayan ba a yi musu bikin ƙaddamarwa, ba a yanka musu zare a gaban kyamara, shi ya sa ba a damu da su ba, alhali su ke raba mota mai aiki da tarin ƙarfe.

Wannan ya kawo ni ga abin da duk wanda ya yi aikin sito zai fara hangowa. Kayan sojanmu daga kowace kusurwar duniya suke. Tankar Vickers ta Ingila ce, tun shekarun 1980. T-55 da T-72 ƙirar Rasha ce. VT-4 ta Sin ce. Motocin sulke akwai na Yukren, akwai Cobra ta Turkiyya, akwai guda 24 da Amurka ta ba mu kyauta a Janairun 2016 bayan ta gama amfani da su, akwai na gida. Kowace da irin injinta, da irin tayarta, da irin matatar manta, da irin bakaniken da ya san ta. Ƙaramar bindiga ma haka: AK da 'yan'uwanta na Sin da Poland, ga FN, ga G3, ga Tavor ta Isra'ila. Harsashin AK da na FN duk 7.62 ake ce musu, amma ɗaya gajere ne ɗaya dogo, na wannan ba ya shiga waccan. Ka ɗauka an kewaye yara a rami da tsakar dare, akwatin da ya rage a gefensu ba na bindigar da ke hannunsu ba ne. Na san wani lokaci tilas ce ta sa, kamar sanda Amurka ta ƙi sayar mana a 2014 muka shiga neman duk inda za a samu. Amma tilas ta wuce, ɗabi'ar ba ta wuce ba, domin kowane sabon mai sayarwa sabuwar kwangila ce, kowace kwangila kuma da ɗan tsakiyarta. In aka ƙirga, za a ga motoci nawa ne ke kwance a bariki kan duwatsu saboda abin da bai fi tafin hannu ba.

Za a ce mini sirrin tsaro ne. Na san da sirri, ban ce a buga a jarida igwa nawa ke Monguno ko wace hanya ayarin harsashi ke bi ba. Amma sirri daga wa? Abokin gaba ya san abin da ke sansaninmu, tunda yana shiga ya kwasa, yana kuma saye daga ɓatagarin cikinmu. Wanda bai sani ba shi ne mai biyan haraji da ɗan majalisa da mai binciken kuɗi. An taɓa gwadawa a ɓangaren 'yan sanda: rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya nuna makamai 178,459 ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙasa ba ta rushe don an faɗi adadin ba. Abin takaici shi ne ba mu ji an bi sawunsu ba. Kai tsohon ɗan sanda ne, ka san yadda ake sa hannu a littafi kafin a karɓi bindiga da safe, a sake sa hannu a mayar da yamma. Ta yaya dubu 88 za su fita ba sa hannu? Idan na 'yan sanda haka yake, mu ɗauka na soja lafiya lau yake don kawai ba a duba ba?

Na ji labarin kamen da rundunar Haɗin Kai mai yaƙi a arewa maso gabas ta sanar a Mayun 2025: sojoji 18, 'yan sandan kwantar da tarzoma 15, da fararen hula, kan safarar makamai da harsashi. Madalla, a ci gaba, duk wanda ya sayar da harsashi ɗaya ya sayar da ran mutum. Tun 2016 ma Janar Lucky Irabor ya faɗa a Maiduguri cewa akwai masu wannan cin amana. Sai dai wanda ke ɓoye harsashi a cikin buhun hatsi ya sa a motar haya, ɓarnarsa tana da iyaka. Wanda ya karɓi kuɗin kwantena goma ya kawo shida, ko ya kawo tsohon kaya da sabon fenti, ko ya kawo harsashin da ya daɗe a ajiye har ya daina tashi, ya kashe sojoji fiye da wancan sau ɗari, kuma ba ya taɓa jin ƙarar bindiga. Shi ba a shingen hanya ake kama shi ba. A takarda ake kama shi, ranar da aka ajiye takardar biya kusa da takardar karɓar kaya, kusa da abin da ke cikin ma'ajiya.

Masana'antar makamai ta DICON na wuce ta ƙofarta shekara da shekaru a hanyar zuwa aiki. Tun 1964 aka kafa ta, ta girmi mafi yawan janar ɗin da ke aiki yau. An yi mata sabuwar doka a 2023, an nuna mana motar sulke ta Ezugwu a 2019, wani kamfani a jihar Ogun ma har ya sayar wa Chadi motocin sulke. Ba jirgin yaƙi nake nema daga gare ta ba. Harsashi kawai, wanda zai ishi soja da ɗan sanda, kowane kwanso da alamar shekara da rukunin da aka ƙera shi, yadda in an tsince shi a ƙauyen da aka kai wa hari za a san daga wace ma'ajiya ya fito. Maganar jirage marasa matuƙa kuma da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta fara ɗaura wa bam, wadda Gwamna Zulum ya yi ta kuka a kai a 2025, da maganar Tudun Biri, inda namu jirgin ya hallaka masu Maulidi aƙalla 85 a Disambar 2023, kowace tana buƙatar tata wasiƙar.

Malam Nuhu, ba don ina ganin kai ka jawo wannan na rubuto maka ba. Ka tarar da shi. Na rubuto maka ne don na san abin da ka taɓa yi. Kana shugaban EFCC, kai ne ka gurfanar da Tafa Balogun a 2005, sufeto janar, shugabanka a aikin ɗan sanda. Kai aka kawo wa cin hancin dala miliyan 15 a buhu ka tura babban banki. A lokacin ba ka da iko ko rubu'in wanda kake da shi yau. Yaran da suka riƙa jin sunanka a rediyo suna makarantar firamare, da yawansu yanzu su ne ke kwance a ramuka a Damboa da Malam Fatori da Birnin Gwari. Don Allah, don darajar iyayenka, kada a ce mutumin da ya tsare sufeto janar ya zo ya zauna a kujerar nan ya tashi bai tambayi lissafin makamai ba. Na san akwai manya a cikin maganar, na san wasunsu abokan zama ne, na san zaɓe na tafe kuma ba a son tada ƙura. Amma a wancan karon ma akwai manya.

Ka nemi izinin Shugaban Ƙasa a kafa masu ƙirga daga wajen rundunonin, da ofishin babban mai binciken kuɗi a ciki, da tsofaffin hafsoshin da aka shaida ba su taɓa cin kwangila ba. A rantsar da su kan riƙe sirri in ana tsoro. Su fara daga dala biliyan 1 ta 2017, tunda ita takardunta ba su tsufa ba kuma masu sa hannun suna raye. Su je ma'ajiya da ƙafarsu, su taɓa ƙarfe da hannunsu, kada su yarda da rahoton da aka buga musu a ofis. A ba saje da kofur hanyar da za su faɗi abin da ya lalace da abin da bai iso ba, ba tare da sun ƙare a gadurum ba. Duk bindigar da aka ƙwato daga yau, a kwafi lambarta kafin a lalata ta.

Idan an gama, ka zo gidan rediyo ka yi mana bayani da Hausa, kamar yadda Monguno ya fara bai ƙarasa ba. Ka ce ga abin da aka biya, ga abin da ya iso, ga giɓin da ke tsakani, ga kuma sunayen da aka miƙa wa kotu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin sito,
Kaduna.